Gargaɗin da ido ba ya gani: yadda kalanda ke barin mu haɗa taro biyu a lokaci ɗaya

Wata Talata da safe ina tsaye a layin biyan kuɗi a wani kanti, wayata ta yi ƙara. Gayyatar taro ce daga wani kamfani da muke hulɗa da shi, ranar Alhamis, ƙarfe 11 zuwa 12. A ƙasan sanarwar maɓallai uku ne a jere: na amincewa, na ƙi, da na wataƙila. Hannuna ɗaya riƙe da leda, na sa babban yatsa na danna na farko, na mayar da wayar aljihu. Ranar Alhamis, minti ashirin da fara taron, sai ga kira daga ofis. Baƙi uku da suka taso tun asuba daga wani gari suna zaune suna jirana, har an kai musu ruwa sau biyu. Alkawarinsu ya fi mako uku a rubuce cikin kalandata, shi ma ƙarfe 11.

Kunyar da na ji ranar ba ta misaltuwa, domin a cikinsu akwai dattijon da a haife ya haife ni. Da yamma na buɗe gayyatar a kwamfuta ina neman inda aka kuskure, sai na hangi wani siririn layi can sama, da ƙananan haruffa masu ruwan toka, yana cewa wannan taron ya ci karo da wani abu a kalandata. Ashe manhajar ta sani tun ranar Talata, har ta rubuta. Sai dai ta rubuta a inda ban duba ba, a sanarwar wayar da na amsa kuwa ko wannan layin babu.

Laifina yana nan, ban musa ba. Amma dalilin da ya sa muka ajiye littafin aljihu muka koma kalandar waya da kwamfuta shi ne ta riƙe mana abin da kai ba zai iya riƙewa ba. Taura biyu ba ta taunuwa, kuma idan na'ura na kallon mutum zai jefa biyu a baki, kamata ya yi ta riƙe masa hannu. Yadda za ta riƙe hannun ne ke da wuya, fiye da yadda mai kallo daga waje zai zata.

Abin da kalanda ta sani da wanda ba ta sani ba

Lissafin kansa ba wani abin a zo a gani ba ne. Kowane abu a kalanda yana da lokacin farawa da lokacin ƙarewa. Abu biyu sun yi karo idan na farko ya fara kafin na biyu ya ƙare, na biyun ma ya fara kafin na farko ya ƙare. Ɗalibin da ya soma koyon rubuta manhaja zai rubuta wannan a layi ɗaya. Akwai ƙa'idar da yawancin manhajojin kalanda ke musayar bayanai da ita, sunanta iCalendar, wadda aka fitar a 1998, aka kuma sabunta ta a 2009 cikin takardar da ake kira RFC 5545. Ita ce ta sa gayyatar da aka turo daga manhajar Outlook ta Microsoft take buɗuwa a Google Calendar ko a kalandar Apple. A wannan ƙa'ida, lokacin ƙarewa ba ya cikin taron. Wato taron da ya ƙare ƙarfe 10 da wanda ya fara ƙarfe 10 ba su yi karo ba, sun dai jingina da juna. A takarda wannan daidai ne. Amma idan na farkon a wannan unguwa yake, na biyun kuma a can ƙarshen gari, ko fiffike gare ka sai ka makara.

Wani masanin kwamfuta, James Allen, ya nuna a 1983 cewa hanyoyin da lokuta biyu za su iya dangantaka da juna guda 13 ne: wannan ya riga wancan, ko ya shiga cikinsa kaɗan, ko ya faɗa tsakiyarsa, ko sun fara tare, ko sun ƙare tare, da sauransu. Na kawo shi ne don a ga kalmar karo jaka ce mai ɗauke da kaya iri-iri. Taron da ya taka wutsiyar na gabansa da minti biyar daban. Kiran minti 15 da ya faɗo tsakiyar bitar yini guda daban. Alkawari biyu da suka yi daidai kai da ƙafa, kowanne da mutane na jira, shi ma daban. Manhajoji da yawa jimla ɗaya suke karanta wa duk ukun, da murya ɗaya, a wuri ɗaya.

Sannan ba duk abin da ke kalanda ne yake tare lokaci ba. A ƙa'idar iCalendar kowane abu yana ɗauke da wata alama mai cewa ko dai mai shi ba ya samuwa a lokacin, ko kuma rubutu ne kawai don tuni. Outlook ya faɗaɗa wannan zuwa matakai: babu komai, ana aiki a wani wuri, ba tabbas, ana cikin aiki, ba a ofis. Yawancin mutane ba su taɓa taɓa wannan alama ba, abin da manhaja ta sa da kanta shi yake zama. Ga inda gizo ke saƙar: a Google Calendar da Outlook, abin da ka rubuta a matsayin na yini guda yana shiga ne da alamar ba ya tare lokaci. An yi haka ne saboda ranakun haihuwa da na hutu, kuma akwai hikima a ciki. To amma mutum ya rubuta tafiya Abuja ranar Laraba, yini guda, ya ɗauka ya rufe ranar. Manhaja kuwa a wurinta Larabar fayau take, duk wanda ya duba zai ga babu kowa, gargaɗi kuma ba zai fito ba. A ɗaya gefen, ƙaramin tuni irin na karɓo magani ko biyan kuɗin wuta, idan an sa masa ƙarfe 11, shiga yake a matsayin mai tare lokaci, duk gayyatar da ta zo a wannan sa'a sai an ce ta yi karo. Ka ga ke nan, inda ya kamata ta yi magana ta yi shiru, inda babu komai kuma ta ɗaga murya.

Ƙara da cewa mutum ɗaya na iya samun kalanda uku: ta ofis, ta gida, da ta wata ƙungiya. Kwamfutar ofis ta ofis kaɗai take gani. Ga kuma abubuwan da ba ma rubutawa don mun san ba za mu manta ba, kamar sallar Juma'a, ɗauko yara daga makaranta, ko zuwa gaisuwar rasuwa. Abokin aiki da ke wata ƙasa zai duba Juma'arka da rana ya ga fili, ya dasa taro, babu abin da zai ce masa uffan.

Wanda ya fi duka ɓuya shi ne taro mai maimaituwa. Kalanda ba ta ajiye taron mako-mako sau 52, doka ɗaya take ajiyewa: kowace Litinin, ƙarfe kaza, har zuwa kaza. Kafin ta gane ko akwai karo sai ta warware dokar ta duba kowane mako ɗaya bayan ɗaya, kuma ba kowace manhaja ce ke leƙawa nesa ba. Ɗauki misalin ma'aikacin da ke Kano ko Yamai, yana da taron mako-mako da abokan aiki a Landan, ƙarfe 2 na rana agogon can. Ya amsa gayyatar a watan Yuni. A lokacin agogon Ingila da namu kansu ɗaya, ƙarfe 2 can ƙarfe 2 nan. Ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba Ingila za ta mayar da agogonta baya da awa ɗaya, mu kuwa ba ma taɓa namu. Daga wannan makon taron ya koma ƙarfe 3 a wurinsa, har zuwa Lahadin ƙarshe ta Maris. Idan yana da wani zama na ƙarfe 3 a Litinin, an haifi karo wata huɗu bayan ya danna amincewa, ba tare da kowa ya motsa komai ba.

Inda ido yake kallo

Mu ɗauka manhaja ta gano karon daidai. Saura ta sanar. A nan ne ake tafka kuskuren da ya same ni.

Mai amsa gayyata ba karatu yake yi ba, farauta yake. Idonsa na neman abu uku: wa ya kira, yaushe, ina maɓallin. Duk abin da ba ya kan wannan hanya kamar babu shi. Masu binciken halayyar ɗan Adam sun daɗe da sanin haka. A 1999 Daniel Simons da Christopher Chabris suka nuna wa mutane bidiyon 'yan wasa na jefa wa juna ƙwallo, suka ce su ƙirga sau nawa aka jefa. Ana tsakiyar wasan wata mai shigar goggon biri ta ratsa ta cikinsu. Kusan rabin masu kallo ba su gan ta ba, alhali idonsu a buɗe, a kan allon. Shekara ɗaya kafin nan, a Jami'ar Rice ta Amurka, Jan Benway da David Lane sun gano cewa masu neman bayani a shafin intanet tsallake manyan allunan da ke sama suke yi, ko da amsar da suke nema tana ciki da manyan haruffa, domin ido ya koyi cewa abin da ke can talla ne. To layin gargaɗin kalanda sau da yawa a irin wannan wuri ake ajiye shi, sama da saƙo, cikin siririn zare mai kama da sauran bayanan da mutum ya saba wucewa, irin na an amsa wannan saƙon ranar kaza.

An ce kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa. Gaskiya ne, amma mai hankalin da ke zaune a inuwa. Wanda ke layi da leda a hannu, ko yake bayan a-daidaita-sahu rana na dukan gilashin wayarsa, ba zai ji kurciya ba. Kuma shi ne mutumin da ya kamata a tsara manhaja dominsa, don a irin wannan hali ake amsa gayyata da yawa a yau.

Shi kansa zanen kalanda yana ɓoye karo a wasu fuskoki. A babban allo, idan ka buɗe mako, abu biyu da suka haɗu sukan tsuke su tsaya kafaɗa da kafaɗa, ido na iya kamawa. A waya kuwa da yawa jerin abubuwan yini suke dubawa, wannan ƙarƙashin wancan, taron 11 zuwa 12 da na 11 da rabi zuwa 1 suna zaune lafiya kamar layi biyu na lissafin cefane. A fuskar wata guda ma ɗigo-ɗigo kawai ake gani. Outlook na kwamfuta yana nuna ɗan yankin kalandarka a cikin gayyata, Gmail ma yakan nuna jadawalin ranar kusa da ita, kuma wannan ci gaba ne. Amma nuna jadawali daban, faɗa wa mutum ga matsala daban. Na farkon ya bar masa aikin lissafi a daidai lokacin da hankalinsa ya fi rabuwa.

Sai batun launi. Abu na farko da ke zuwa wa mai tsara manhaja shi ne ya shafa ja. A tsakanin mutanen da asalinsu arewacin Turai ne, kusan namiji ɗaya cikin 12 yana da matsalar bambance wasu launuka, galibi ja da kore, kuma matsalar tana ko'ina a duniya ko da yawanta ya bambanta. Shi ya sa ƙa'idojin WCAG, waɗanda ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet ta shimfiɗa don masu larura su iya amfani da intanet, suka hana a dogara da launi kaɗai wajen isar da saƙo, suka kuma ce hasken ƙananan haruffa da na bayansu ya bambanta da aƙalla 4.5 bisa 1. Ruwan toka mai haske a kan fari sau da yawa ba ya kai wannan. Bugun 2018 na ƙa'idojin ya ƙara da cewa saƙon da ya bayyana a allo ba tare da mutum ya je wurinsa ba, dole manhajar da ke karanta wa makafi allo ta iya sanar da shi. Makahon ma'aikaci da ke amsa gayyata da kunne, idan ba a gina wannan ba, gargaɗin zai zo ya wuce bai ji ba.

Gudun gara, faɗawa gidan zago

Wanda ya ji duk wannan zai ce ai maganin a fili yake: a fito da babban akwati ja a tsakiyar allo, da ƙara, kada mutum ya wuce sai ya amsa. Ni ma abin da na ce ke nan a daren Alhamis ɗin nan. Daga baya na janye.

Ka tuna yawan karon ƙarya da muka lissafa a sama. Shugaban sashe da kalandarsa ke cike maƙil, wanda da gangan yake amsa taro biyu don ya leƙa wannan ya wuce wancan, zai ga akwatin sau goma kafin azahar. Rana ta farko zai karanta. Rana ta uku yatsansa ya haddace inda maɓallin wucewa yake, yana dannawa kafin idonsa ya sauka kan rubutun. Sabo turken wawa, in ji magabata, kuma sabo ba ya tambayar ko gargaɗin yau na gaske ne. Ranar da baƙi uku za su taso tun asuba, akwatin zai fito, a rufe shi kamar sauran.

Asibitoci sun biya wannan darasi da tsada. A 2013 hukumar Joint Commission, mai tantance asibitocin Amurka, ta fitar da sanarwa cewa tsakanin kashi 85 zuwa 99 cikin ɗari na ƙararrawar da na'urorin jinya ke bugawa ba sa buƙatar a yi wa majinyaci komai. Ta ce daga Janairun 2009 zuwa Yunin 2012 an kai mata rahoton aukuwa 98 masu alaƙa da ƙararrawa, 80 daga ciki sun ƙare da mutuwa, kuma gajiyar ma'aikata da yawan ƙarar na kan gaba cikin dalilan. Wani nazari da masu bincike a Holan suka wallafa a 2006 ya tattaro cewa likitoci na tsallake tsakanin kashi 49 zuwa 96 cikin ɗari na gargaɗin magunguna da kwamfuta ke nuna musu. Taron ofis ba rai ba ne, ban haɗa su ba. Amma kan da ke gajiya a ɗakin jinya shi ne dai kan da ke gajiya a gaban kalanda.

Akwai wani binciken da ya fi ba ni ƙwarin gwiwa. A 2013 Devdatta Akhawe da Adrienne Porter Felt suka duba gargaɗin tsaro sama da miliyan 25 da manhajojin shiga intanet suka nuna wa mutane. Gargaɗin cewa ba a tabbatar da sahihancin shafi ba, masu Chrome sun tsallake shi kusan kashi 70 cikin ɗari na lokuta, masu Firefox kuwa kusan kashi ɗaya bisa uku. Gargaɗin shafukan damfara da masu ɗauke da cutar kwamfuta kuma, mafi yawan mutane sun ji sun koma. Wato mutane ba kurame ba ne. Suna jin gargaɗin da ya saba faɗin gaskiya, kuma yadda aka tsara shi yana sauya abin da suke yi.

Nauyin murya ya bi nauyin asara

Abin da na tsaya a kai shi ne, kafin a yi maganar girman haruffa, manhaja ta fara auna karon. Tana da abin aunawa a hannunta, ba ta dai amfani da shi. Ta san yawan mintunan da suka shiga juna. Ta san ko an tabbatar da abubuwan biyu ko ɗaya na wataƙila ne. Ta san ko akwai wasu mutane a ɗayan alkawarin ko kai kaɗai ne. Ta san ko kai ka kira taron, kuma ƙa'idar iCalendar ta tanadi alamar da ke bambanta wanda halartarsa dole ce da wanda aka gayyata in ya samu dama. Tuni na karɓo magani da ya haɗu da taro, ƙaramar alama a gefe ta ishe shi. Taron wataƙila da ya haɗu da tabbatacce, layi ɗaya bayyananne. Amma alkawari biyu tabbatattu, kowanne da mutane, kuma kai ne mai masaukin ɗaya, wannan ya cancanci a tsayar da kai cak. Idan tsayarwar ba ta wuce sau ɗaya ko biyu a wata ba, ranar da ta zo za ka karanta.

Wurin da za a sa shi kuma babu wani sai kan hanyar yatsa. Ba sama da saƙo ba, manne da maɓallin amincewa, har a cikin sanarwar waya. Na fi son ma a sauya rubutun maɓallin kansa, ya daina cewa amince kawai, ya koma amince duk da karo. Mutum zai iya kauce wa layi, amma da wuya ya danna abin da bai kalla ba ko da da wutsiyar ido, kuma maɓallin da ya sauya kama yana karya sabon nan da muka yi magana.

Ya kuma kira abin da sunansa. Jimlar wannan ya ci karo da wani abu a kalandarka ba ta motsa kowa, domin mutum zai ce a ransa wataƙila tunin nan ne na banza. Amma a ce masa ƙarfe 11 kana da ganawa da baƙi uku a ofis, nan take fuskokinsu za su faɗo masa. Haruffan ba su fi na waccan jimla yawa ba. Idan taro mai maimaituwa ne, a ce makonni uku cikin 20 sun yi karo, ga ranakunsu, a bar shi ya amsa sauran ya ƙi waɗannan. Masu kula da ɗakunan taro a tsarin Exchange na Microsoft sun daɗe da irin wannan: kalandar ɗaki na iya ƙin buƙatar kama ɗakin da ta faɗa kan wadda ta riga ta, kuma ana iya ƙayyade kashi nawa na karo za a lamunta a taro mai maimaituwa kafin a ƙi shi gaba ɗaya. Abin da aka yi wa ɗaki mai kujeru, ban ga dalilin da zai hana a yi wa mutum ba.

Kuma kada a tsayar da mutum a bar shi a tsaye. Gargaɗin ya zo da ƙofar fita: ga lokaci mafi kusa da kowa ke samuwa, ko a tura shawarar wani lokacin, wanda Outlook da Google Calendar duk suna da shi amma a wani lungu daban. Ga waɗanda suka riga suka danna cikin sauri, akwai dabarar da mai tsara manhaja Aza Raskin ya yi kira gare ta tun 2007, cewa inda za a iya ba mutum damar janye abin da ya yi, ta fi gargaɗi amfani. Gmail na iya riƙe saƙo har daƙiƙa 30 kafin ya tafi. Amsar gayyata ma saƙo ce. A riƙe ta na ɗan lokaci, a rubuta a ƙasan allo ka amsa taro biyu a ƙarfe 11, ga maɓallin janyewa. Mutum yakan farga ne daidai bayan ya saki abu daga hannunsa.

Karon da aka haifa daga baya yana buƙatar nasa tsarin, domin a lokacin babu yatsan kowa a kan maɓalli. Mai taro ya matsar da shi, ko agogon Ingila ya juya. A nan sanarwa ɗaya ta wajaba a ranar da karon ya bayyana, da alamar da za ta zauna kan abubuwan biyu har a warware, da tuni kwana ɗaya kafin ranar. Sanarwar da ta zo minti goma kafin taro ihu ne bayan hari. Idan kuma mutum ya ce na sani, da gangan na yi, manhaja ta riƙe wannan amsar, kada ta sake tayar masa da maganar.

Akwai wani gefen da masu tsara manhaja ba su cika kallo ba, ni kuwa ina ganinsa kullum a wurin aiki. Gargaɗin da ake nuna wa wanda aka gayyata sau da yawa ya je wurin wanda ba shi da ikon yin komai. Idan oga ya kira taro, ƙaramin ma'aikaci ba zai danna na ƙi ba, ko da akwati ja ya cika masa allo. Zai amsa, ya je ya ba wancan haƙuri. Wanda ya kamata a tsayar shi ne mai aikawa, kafin gayyatar ta bar hannunsa: uku daga cikin mutum takwas da ka kira ba sa samuwa, biyu cikinsu halartarsu dole ce. Kayan aikin duba lokacin kowa suna nan a manyan manhajojin, sai dai a wani shafi da sai mai niyya yake buɗewa. A nan kuma dole a kiyaye sirri. Mai aikawa ya ga cewa wane ba ya samuwa, amma kada ya ga ganin likita ne ko neman wani aikin. Sunan abin da aka yi karo da shi na mai kalandar ne shi kaɗai.

Ni dai kafin masu manhaja su gyara, na sauya wasu abubuwa a nawa ɓangaren. Na daina amsa gayyata daga sanarwar waya, sai na buɗe ranar na gani da idona. Duk tafiyar yini guda ina sauya mata alama da hannu ta zama mai tare lokaci, ƙananan tuni kuma ina cire musu ita. Na rubuta Juma'a daga ƙarfe 1 zuwa 3 a matsayin abu mai maimaituwa, na sa rabin awa na hanya gaban duk alkawarin da ba a ofis yake ba, na kuma bar kalandar gida ta riƙa nuna wa ta ofis lokutan da ba na samuwa ba tare da bayani ba. A makon ƙarshe na Oktoba da na Maris na ajiye tunin in bi tarukan mako-mako ɗaya bayan ɗaya in ga wanda ya gusa. Shi ma wannan tunin na sa masa alamar ba ya tare lokaci, don kada ya ƙara yawan gargaɗin da idona zai koyi tsallakewa.